Raddi Ga Masu Cewa Sassaƙar Yarabawa Ado Ce Kawai

Wata magana ta yi kaka-gida a bakin wasu masana fasaha da dillalan kayan tarihi: wai sassaƙe-sassaƙen Yarabawa gwanintar hannu ce zalla, addinin da ake jingina musu kuwa ƙarin gishiri ne na 'yan bincike. Ni Musulmi ne, ban zo kare bautar orisa, wato allolin gargajiyar Yarabawa, ba. Amma adalci wajibi ne ko a kan aƙidar da ba taka ba, kuma wannan magana ta zalunci masu abin.

Hujjarsu ta farko ita ce ere ibeji, mutum-mutumin tagwaye. Suka ce 'yar tsana ce, tunda a yau wasu iyaye na maye gurbinta da ta roba ko da hoto. Jawabi shi ne: a dubi abin da kyau. Ƙasar Yarabawa ta shahara da haihuwar tagwaye, garin Igbo-Ora na jihar Oyo ma har kirari ake masa da haka. A wurin Yarabawa tagwaye, wato Taiwo da Kehinde, ruhi ɗaya suke tarayya a kai. In ɗaya ya rasu, sai a je wurin babalawo, wato mai duba, a sa masassaƙi ya fitar da siffar da mamacin zai zauna a ciki, don kada ya janye ɗan'uwansa. Jariri ne ya mutu, amma siffar cikakken baligi ake sassaƙawa. Uwa ta riƙa yi mata wanka, ta shafa mata jan garin osun a jiki da shuni a ka, ta rataya mata wuri da duwatsun ado, ta ajiye mata wake da manja. Da yawa daga waɗanda ke gidajen tarihi hancinsu da leɓɓansu sun suɗe saboda shekarun wanka da shafa. Wa ke yi wa kayan ado wannan hidima? Maganar roba kuwa a kansu take komawa: da kyan sassaƙa ake nema, da roba ba ta wadatar ba.

Na biyu, suka ce zanen da ke gefen opon Ifa, farantin duba, ƙawa ce. Ina! Fuskar da ke bakin farantin ta Esu ce, ɗan aike tsakanin mutane da orisa, kuma ita babalawo ke fuskanta in ya zauna. Yakan ƙwanƙwasa farantin da iroke, 'yar sanda ta itace ko ta hauren giwa, don kiran Orunmila, orisan duba. Sannan ya damƙi ƙwarar kwakwar manja 16 daga hannu zuwa hannu. In ɗaya ta rage ya ja layi biyu a kan garin iyerosun, in biyu suka rage ya ja ɗaya, har sau takwas, odu guda, wato alamar duba, ya fito daga cikin 256. Da UNESCO ta karrama Ifa a 2005, wannan tsari da ilimin bakinsa ta karrama. Haka ose Sango, sandar Sango orisan aradu: gatari mai baki biyu da ke kan sandar alama ce ta gatarin aradu da suke cewa Sango ke jefowa.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta masassaƙa, kuma a nan na yarda da rabi. Olowe na Ise, wanda ya rasu a 1938, ya yi wa sarakunan Ekiti ƙofofi da ginshiƙai. Ƙofar fadar Ogoga, sarkin Ikere, wadda aka baje a Wembley a 1924 ta kuma tsaya a gidan tarihin Birtaniya, zancen mulki take yi. Lamidi Fakeye na Ila Orangun Musulmi ne, ya kuma yi wa Fada Kevin Carroll aikin coci. To, amma me wannan ya tabbatar? Cewa masassaƙi ɗan sana'a ne, kuma ba kowace sassaƙa ce ta tsafi ba. Yarabawa ba su taɓa musun haka ba. A wurinsu itace ba ya zama mazaunin ruhi a ƙarƙashin gizago, sai bayan an kai shi gida ko ɗakin orisa, an wanke shi da ruwan ganyaye, an yi masa sadaukarwa. Masu wannan ra'ayi sun tsaya a rumfar masassaƙi, ba su bi kayan zuwa inda aka kai shi ba.