Darasi daga Daura: Sabo ne ke kashe idon mai tsaro

A ranar 1 ga Mayu 2019, 'yan bindiga suka sace Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa bayan sallar Magariba. Sai da ya yi wata biyu a hannunsu kafin aka ceto shi a Kano. Wannan ya faru ne a mahaifar shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, garin da ba ya rasa jami'an tsaro.

Maharan ba su fasa katanga ba. Mutumin da ke zama wuri ɗaya a lokaci ɗaya kullum, ya riga ya sauƙaƙa wa mai bibiyarsa aiki. Mai gadin da ya saba ganin lafiya kuwa, idonsa yana buɗe amma hankalinsa ya tafi.

Ko a Koriya ta Kudu, inda ake da kayan aiki na zamani, a Janairun 2024 wani mutum ya matso kusa da Lee Jae-myung a birnin Busan kamar masoyi mai neman sa hannu, ya daɓa masa wuƙa a wuya.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A riƙa sauya masu gadi kafin gajiya ta ci su. A riƙa canza lokaci da hanyar fita. A ware mutum ɗaya da aikinsa kallon hannuwan jama'a kawai. Kafin hawan Sallah da Sallar Gani, dogarai da 'yan sanda su yi atisaye tare, kowa ya san inda zai tsaya.