Daga Kan Babur Zuwa Majalisar Wakilai: Abin da Sakkwatawa Za Su Koya Daga Zaɓen Kaura

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, tambayar da muka saba ji a bakin 'yan kabu-kabu, teloli da masu dako a Tsohuwar Kasuwa ta sake dawowa: shin ɗan talaka zai iya zuwa Majalisar Wakilai kuwa? Da yawa a cikinmu sun riga sun yanke cewa kujerar Abuja ta masu hannu da shuni ce. Bari mu duba wani misali na kusa kafin mu amince da wannan magana.

A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, Donatus Mathew, wanda ya yi sana'ar acaba, ya tsaya takara a jam'iyyar Labour a mazaɓar Kaura da ke kudancin Jihar Kaduna. Ya sami ƙuri'u 10,508, ya kayar da Gideon Gwani na PDP, wanda ya daɗe a kujerar har ya zama mai tsawatarwa na marasa rinjaye, da ƙuri'u 10,297. Tazarar ƙuri'a 211 ce kawai. Wato da rumfunan zaɓe biyu ko uku sun yi sakaci, da labarin ya zama dabam.

Abin da doka ta ce, da abin da aljihu ya ce

Tsarin mulkin 1999 bai hana talaka takara ba. Sashe na 65 ya nemi mutum ya zama ɗan Najeriya, ya yi karatu har matakin sakandare, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. Gyaran da aka yi a 2018 ya rage shekarun ɗan takarar Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25. A takarda dai ƙofa a buɗe take.

Matsalar tana bakin ƙofar jam'iyya. A 2022, APC ta sayar da fom ɗin takarar Majalisar Wakilai a kan naira miliyan 10, PDP kuma miliyan 2.5. A lokacin, mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi zai tara kuɗinsa na kusan shekara 28, bai ci ba, bai sha ba, kafin ya sayi fom ɗin APC. Ko da albashin 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, sai ya yi kusan shekara 12. Wannan fom ne kawai. Ba a zo maganar wakilan zaɓen fid da gwani ba, balle fastoci, mai, da sallamar masu tsaron akwati. A zaɓen 2023, Dokar zaɓe ta 2022 ta yarda ɗan takarar wannan kujera ya kashe har naira miliyan 70. Ga ma'aikacin gwamnati kuma akwai ƙarin nauyi: dole ya ajiye aikinsa aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Malamin firamare mai iyali da ya yi haka ya faɗi, da me zai ciyar da gida?

Sakkwato ba Kaura ba ce

Kada mu ruɗi kanmu. Nasarar Kaura ta zo ne a kan guguwar Peter Obi, wadda ta kaɗa sosai a kudancin Kaduna, kuma ƙuri'u sun rarrabu tsakanin jam'iyyu da yawa. A nan Sakkwato, APC da PDP ne suka kwashe kusan dukan ƙuri'un 2023. Duk mai neman kujerar Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu, ɗaya daga cikin kujeru 11 na jihar, ko dai ya bi ta hannun manyan waɗannan jam'iyyu biyu, ko ya gina tasa tafiyar daga tushe. Mu tuna kuma cewa a 2023 zaɓen 'yan majalisar tarayya bai kammalu ba a jihar nan sai da aka sake fita ranar 15 ga Afrilu. Ƙarin makonni bakwai na yawon neman ƙuri'a ba komai ba ne ga attajiri, amma ga mai ƙaramin ƙarfi yana iya zama ƙarshen tafiya.

Ga kuma talauci. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna kusan kashi 91 cikin 100 na mutanen jihar nan suna fama da talauci ta fuskoki da dama, fiye da kowace jiha. A inda yunwa take, taliya da atamfa da 'yan canji a ranar zaɓe suna da ƙarfi. Abin takaicin shi ne, wurin da ya fi bukatar wakili mai sanin zafin talauci, nan ne ya fi wuya irinsa ya ci.

Duk da haka, arewa ta taɓa ganin irin wannan. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne, ya koyar a Maru a tsohon lardin Sakkwato. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950 ta tsaya ne da ƙafafun teloli, mahauta da ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda suka sha ɗauri da bulala saboda ita. Sai a 1959 ya shiga Majalisar Wakilai. Shekaru aka yi ana gini, ba dare ɗaya ba.

Bayan cin zaɓe fa?

A Disamban 2024, Donatus Mathew ya bar Labour ya koma APC tare da wasu 'yan majalisa, a daidai lokacin da rikicin shugabanci ya dabaibaye jam'iyyar. Ba namu ba ne mu yanke hukunci a kan zuciyarsa. Darasin dai shi ne, guguwa tana iya kai mutum Abuja, amma ba ta iya riƙe shi a can. Fitowa daga gidan talaka ba ta isa shaida ba. Wakili yakan karkata ne ga wanda ya ɗauki nauyinsa da wanda zai iya dawo da shi. Tsarin mulki ya ba mu damar kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, abin da ya gagara a Kogi a kan Dino Melaye a 2018.

To, 'yan'uwa, me ya rage mana? Idan muna son namu ya je, sai mu ɗauki nauyinsa. Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu, 'yan kasuwa, malamai da mata masu adashi a Mabera, Runjin Sambo da Gidan Igwai sun san yadda ake tara sisi da kwabo ya zama jari. Mu yanki katin jam'iyya a gundumominmu, domin a 2022 a can aka zaɓi waɗanda suka fid da ɗan takara. Mu tsaya a rumfa har a ƙirga ƙuri'a a manna sakamako. Mu tambayi kowane ɗan takara, talaka ne ko attajiri, wa ya saya masa fom. Bayan an rantsar da shi kuma, mu nemi ya dawo gida ya yi mana bayani a fili, ba mu bi shi da roƙon kuɗin suna da na asibiti kaɗai ba. Wakilin da mutane dubu suka haɗa wa kuɗin takara, bashin mutane dubu ne a wuyansa. Wanda mutum ɗaya ya biya wa, mun san gidan da zai fara gaisarwa.