Gangar suyar gahawa: ƙaramin aikin walda da ya cancanci kulawar Abuja

Da wuya a kammala taro a ofishin gwamnatin tarayya a Abuja ba a kawo ruwan zafi da gwangwanin gahawa ba. Akasarin gahawar da ke cikin gwangwanin daga waje ake shigo da ita, alhali a tsaunin Mambila da ke Ƙaramar Hukumar Sardauna a Jihar Taraba ana noman nau'in arabika, wanda kasuwar duniya ta fi ba daraja. Tsakanin manomin Gembu da kofin babban sakatare akwai giɓi, kuma babban ɓangarensa shi ne suya. Ɗanyen ƙwayar gahawa ba ta da ƙamshi, ba ta shayuwa, kuma ita ce ta fi araha a duk matakan cinikin. Sai an soya ta kuɗinta ke tashi, kuma wanda ya soya shi ke cin ribar.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, na'urar suyar ba ta fi ƙarfin mai walda ba. Duk wanda ya taɓa ganin gangar suyar gyaɗa ya ga asalinta. Ganga ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa, a kwance bisa sandar ƙarfe, da 'yan fikafikai a ciki masu jujjuya ƙwayar don kada gefe ɗaya ya ƙone. A ƙarƙashinta murhun gas, a gefenta mariƙi ko ƙaramin injin da zai juya ta sau 40 zuwa 60 a minti. Wasu masu haɗawa a gida da injin goge gilashin mota suke amfani. Sai ma'aunin zafi, da rariya mai fanka domin huce ƙwayar da zarar an sauke ta, don in ba a huce ta da sauri ba takan ci gaba da dahuwa da zafin jikinta.

Suyar kanta minti 10 zuwa 15 ce. Ƙwayar takan tashi daga kore zuwa ruwan ɗorawa, sannan ruwan ƙasa. Idan zafinta ya kusanci digiri 200 sai ta fara fashewa kamar gugguru, alamar ta fara nuna. Daga nan daƙiƙoƙi ne ke raba mai daɗi da mai ɗaci. Nauyinta kan ragu da kashi 12 zuwa 20 cikin 100, abin da mai sana'a zai saka a lissafinsa tun kafin ya yanka farashi.

Babu ko ɗaya cikin waɗannan da zai gagari maƙeran Panteka a Kaduna ko masu walda na Apo. Inda matsalar take shi ne babu mai nuna musu ƙa'ida, kuma kuskure a nan yana taɓa lafiya. Kwanon rufi da sauran ƙarfe mai shafen zinki na fitar da hayaƙi mai guba idan ya sha wuta. Durom ɗin da aka taɓa zuba fenti ko sinadari bai dace da abinci ba. Yanka tsohuwar tukunyar gas don yin ganga kasada ce da rai. Ƙaiƙayin da ke fita daga ƙwayar yana saurin kama wuta, hayaƙin suyar kuma ba na cikin rufaffen ɗaki ba ne.

Nan ne aikin hukumomi ya shigo, kuma ba sai an ƙirƙiro sabuwa ba. Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya, CRIN, da ke Ibadan, gahawa na cikin amfanin gonar da aka ɗora mata, tana da reshe a Mambila. Cibiyar NCAM da ke Ilori aikinta ƙera injinan noma da gwada su. Idan suka haɗa kai suka fitar da zane guda na ganga mai ɗaukar kilo 1 zuwa 5, da jerin ƙarafan da aka yarda da su, aka raba wa masu walda kyauta, hukumar SON ta sa ido kan inganci, kuɗin da za a kashe ba zai kai na taron bita ɗaya a otal ba.

Masu shakka za su ce gahawar da Najeriya ke nomawa kaɗan ce, kuma 'yan ƙasa shayi suka fi sha. Gaskiya ne. Haka kuma gangar gida ba za ta samar da gahawar gwangwani mai narkewa nan take ba, domin wannan sai babbar masana'anta. Amma ƙarancin noman ba ya rasa nasaba da rashin mai saye a kusa: manomin da bai ga kasuwa ba ba zai kula da bishiyar da ke ɗaukar shekara 3 zuwa 4 kafin ta fara 'ya'ya ba. Habasha, wadda ta fi kowace ƙasa a Afirka noman gahawa, tana shanye kusan rabin abin da take nomawa, kuma a kasko matan gida ke soya ta. Kasuwar cikin gida ce ke riƙe manominsu idan farashin duniya ya faɗi.

Tun 2017 akwai umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 da ya wajabta wa ma'aikatu fifita kayan gida wajen saye. Jami'in da ke rubuta takardar sayen kayan shayin ofis yana da damar aiwatar da shi ba tare da jiran sabon kasafi ba: ya nemi gahawar Mambila da aka soya a Najeriya, mai rajistar NAFDAC. Oda ɗaya mai ɗorewa daga ma'aikata guda ta isa ta sa mai suya ya koma wurin mai walda neman ganga ta biyu. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.