Mutum Goma Sha Biyu Daga Kazaure

Ranar 27 ga Janairu, 2020, Mai shari'a Yusuf Halilu na Babbar Kotun Birnin Tarayya da ke Abuja ya yanke wa Maryam Sanda hukuncin kisa ta hanyar rataya, bayan ya same ta da laifin kashe mijinta, Bilyaminu Bello, a gidansu cikin watan Nuwamba na 2017. Mutum ɗaya ne ya saurari shaidu, shi ya auna maganganunsu, shi kuma ya rubuta hukunci. Amma kafin wannan rana da bayanta an yi wa matar shari'a sau dubbai a wuraren da ba su da magatakarda: a teburin mai shayi a Kanti, a cikin motar haya daga Kazaure zuwa Kano, a zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai da na ma'aikata. Wasu sun rataye ta tun gawar ba ta yi sanyi ba. Wasu sun wanke ta, suka ɗora laifin a kan kishi da halin maza.

Maganar ta sake tashi a watan Oktoba na 2025, lokacin da sunanta ya fito cikin jerin waɗanda Shugaba Bola Tinubu ya yi wa afuwa. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa fadar shugaban ƙasa ta sake duba jerin, aka mayar da nata ɗaurin shekara 12. A nan ne wata tambaya, da ta saba fitowa daga bakin waɗanda suka sha kallon finafinan kotun Amurka, ta sami sabon ƙarfi: tunda muryar jama'a ta isa ta juya alƙalamin shugaban ƙasa, me ya hana a ba jama'ar kujera a cikin kotu tun farko? Me ya sa ran mutum zai rataya a kan fahimtar alƙali guda?

Tambayar tana da nauyi, kuma bai kamata a kore ta da dariya ba. Sai dai masu yin ta sukan ɗauki juri a matsayin taron jama'a da aka shigar ɗakin kotu, alhali an gina tsarin ne domin a raba 'yan mutane kaɗan da taron. A Amurka da Ingila ana zaɓo sunaye ta hanyar ƙuri'a daga rajistar masu zaɓe da makamantanta, a aika wa mutum sammaci, kuma wanda ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba yana iya fuskantar tara. Cikin waɗanda suka zo ake tace goma sha biyu. Wanda ya san mamaci ko wanda ake tuhuma, a sallame shi. Wanda ya riga ya yanke hukunci a ransa, a sallame shi. Waɗanda suka rage a rantsar da su, a haramta musu karanta labarin shari'ar, a hana su tattauna ta ko da da matan aurensu. A shari'ar O.J. Simpson, wanda aka tuhuma da kashe tsohuwar matarsa da wani abokinta a Los Angeles, an killace 'yan jurin a otal sama da wata takwas kafin su wanke shi a watan Oktoba na 1995. A Ingila kuwa, a 2011, an ɗaure wata 'yar juri wata takwas saboda ta yi hira a Facebook da ɗaya daga cikin waɗanda aka gurfanar. Duk abin da majalisar mai shayi ke taƙama da shi, wato jin labari daga kowace kusurwa da faɗin ra'ayi nan take, shi ne abin da ake fara ƙwace wa ɗan juri.

To, a gwada wannan awo a Kazaure. A ce, Allah ya kiyaye, an yi irin wannan kisa a wani babban gida, aka ce a nemo mutum goma sha biyu daga Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura waɗanda ba su da alaƙa da kowane ɓangare. Wannan ƙanin matar yayan mamaci ne. Wancan a gonar mahaifin wadda ake tuhuma yake noma. Na uku suna sahu ɗaya da kawunta a sallar Asuba shekara ashirin, na huɗu ɗansa na neman aiki ta hannun wani surukin gidan. Ko an dace an samo goma sha biyun, bayan hukunci cikin garin za su koma, su haɗu da dangin a wurin suna da jana'iza da kasuwa har ƙarshen rayuwarsu. Alƙalin babbar kotu yana da ɗan sanda a ƙofarsa, kuma ana iya yi masa canjin wurin aiki. Malamin firamare daga Roni da ya ɗaga hannu ya ce "ta aikata" ba shi da ko ɗaya.

Kisan cikin gida yana da wani ƙarin kulli da sauran laifuka ba su da shi. Masu neman haƙƙin jini da masu neman sassauci sau da yawa mutane ɗaya ne. 'Ya'yan da aka kashe ubansu su ne 'ya'yan wadda za a rataye. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma kowane ɗan juri zai shigo kotu da wannan magana a cikin jininsa, ko ta yi masa amfani ko ta rufe masa ido. Shari'ar Wasila Tasi'u ta nuna yadda ra'ayi ke rabuwa a irin wannan hali. A watan Afrilu na 2014 aka zargi yarinyar, mai shekara 14, da zuba maganin ɓera a abinci a wani ƙauye na jihar Kano, mijinta da wasu mutum uku suka mutu. Ƙungiyoyin kare haƙƙin yara suna ganin yarinyar da aka aurar ba da sonta ba. Mutanen da suka binne gawa huɗu suna ganin wani abu daban. A 2015 gwamnatin jihar ta janye tuhumar. Da juri ne, da hukuncin ya dogara kacokan a kan inda aka ɗebo mutanen, ƙauyen ko birni.

Indiya ta taɓa ɗanɗana wannan. A 1959 wani hafsan sojan ruwa a Bombay, Kawas Nanavati, ya harbe kwarton matarsa har lahira. Wata jarida mai suna Blitz ta ɗauki ɓangarensa, ta mai da shi gwarzon da ya kare mutuncin gidansa, kuma juri ya wanke shi da ƙuri'a takwas da ɗaya. Alƙalin da ya jagoranci zaman bai gamsu ba, ya miƙa maganar ga babbar kotu, aka same shi da laifi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ba a daɗe ba ƙasar ta yi ta janye jiki daga tsarin juri har ta bar shi a shari'ar manyan laifuka.

Abin sha'awa, Arewa tana da tata shari'ar kwarton, kuma ita ma ta sauya tarihin doka, ko da yake ta wata hanya. A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta saurari ƙarar Tsofo Gubba, wanda kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa hukuncin kisa bisa fiƙihun Malikiyya saboda kashe kwarton matarsa. Alƙalan Turawa suka ce a dokar laifuka ta gwamnati tunzurawa mai tsanani tana sauke kisa daga matakin da ake kashe mai shi, don haka ba za a kashe shi ba. Sarakuna da alƙalan Arewa suka ɗauki wannan a matsayin shiga hurumin shari'ar Musulunci, aka yi shekaru ana gyaran doka ana warwarewa. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, kuma daga shawararsu aka samu kundin Final Kod da ya fara aiki a 1960. Sashe na 221 na wannan kundi, mai magana a kan kisan da hukuncinsa kisa ne, shi aka karanta wa Maryam Sanda bayan shekara sittin.

A wannan sauyi wani abu ya faɗi ƙasa, kuma shi ne asalin ƙaiƙayin da jama'a ke ji ba tare da sun ba shi suna ba. A tsarin da alƙalan Kano da Kazaure suka gada, iyalin mamaci suna da gurbi a cikin shari'a. Waliyyan jini ne ke neman ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Idan sun yafe, Malikiyya ta ce a yi wa mai kisan bulala ɗari da ɗaurin shekara guda, domin haƙƙin al'umma bai faɗi ba. Inda babu cikakkiyar shaida amma akwai alama mai ƙarfi, akwai ƙasama, rantsuwa hamsin da dangin mamaci maza za su yi. Mutum yana iya sukar wannan tsari ta fuskoki da dama, amma ya bai wa talaka aiki mai nauyi a gaban alƙali, ya kuma ɗora masa alhakin abin da ya rantse a kai. A ƙarƙashin Final Kod kisa laifi ne ga hukuma. Mai gabatar da ƙara na gwamnati ne, babban lauyan jiha yana iya janye tuhuma, gwamna ko shugaban ƙasa yana iya yin afuwa bisa sashe na 212 ko na 175 na tsarin mulki. Uban mamaci ɗan kallo ne a benci. Shi ya sa afuwar 2025 ta yi wa mutane da yawa zafi: sun ga an yafe jinin da ba na mai yafewar ba.

Akwai hujja ɗaya ta masu son juri da ba ta da amsa mai sauƙi. Sayen mutum ɗaya ya fi sayen goma sha biyu arha, kuma a ƙasar da ake kallon shari'ar 'ya'yan manya da ido ɗaya a buɗe, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Abin da za a iya ajiyewa a ɗaya gefen sikelin shi ne cewa alƙali dole ya rubuta dalilansa. Hukuncin Mai shari'a Halilu yana nan a rubuce. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi shi ta tabbatar da shi a watan Disamba na 2020, kuma duk lauyan da ke Dutse ko Kano yana iya karanta shi ya nuna inda yake ganin an kauce. Juri kuwa kalma ɗaya yake furtawa ba tare da bayani ba, kuma a Amurka idan ya wanke mutum an rufe maganar ke nan. Alƙalin da ya karɓi na goro yana barin sawu a takarda. Mutum goma sha biyun da tsoro ko zumunta ya rinjaya ba sa barin komai.

Tsakanin alƙali shi kaɗai da juri akwai hanya ta uku. Afirka ta Kudu ta soke juri a 1969, amma a shari'ar Oscar Pistorius a 2014 Mai shari'a Thokozile Masipa ta zauna da mataimaka biyu da ke da ƙuri'a a kan abin da ya faru, ita kuma ta riƙe fassarar doka. Wannan ya fi kusa da abin da Arewa ta sani, inda sarki ba ya zaman shari'ar jini sai da malamai a gefensa. Babbar kotu a Jigawa da ke zama da mataimaka biyu da aka ɗauko daga wata masarauta, masu jin Hausar wanda ake tuhuma ba tare da tafinta ba, za ta rage nisan da ke tsakanin manomin Gwiwa da takardun Turancin da ake yanke masa hukunci da su. Wannan gyara ne da majalisar dokoki a Dutse za ta iya tattaunawa, kuma ya fi kiran a kwafo Amurka ma'ana.

Kafin a kai can, akwai aikin da doka ta riga ta ɗora wa kowa, wanda kuma ake gudu. Lauyoyin Maryam Sanda sun gina kariyarsu a kan cewa ba a yi binciken likita a kan gawar ba, ba a kuma kawo makamin kisan gaban kotu ba. Ita ta ce faɗuwa ya yi a kan fasasshen tulun shisha. Alƙali ya dogara ne da shaidun yanayi, da kuma ƙa'idar cewa wanda aka gani na ƙarshe tare da mamaci shi zai yi bayanin yadda aka yi. Irin wannan giɓi ba kotu ke haƙa shi ba. Ana haƙa shi ne a sa'o'in farko, lokacin da dangi ke gaggawar suturta gawa, ana wanke ɗaki, dattawa suna cewa a rufa asiri. Gaggauta jana'iza sunna ce, amma awa biyu da likita zai yi yana rubuta girman rauni da zurfinsa ba sa hana a binne mutum a yininsa.

Sai kuma shaida. Maƙwabcin da ya ji ihu, abokin da ya raba faɗa da yamma, ma'aikaciyar jinya da ta karɓi gawa, kowannensu yana da labari cikakke a majalisa, amma idan sammaci ya zo sai a ce ya yi tafiya. Suratul Baƙara ta yi hani ƙarara ga ɓoye shaida, kuma kowane mai karatu ya san haka. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta ce a riƙa sauraron shari'a kullum a jere, amma alƙali ba ya sauraron kujerar da babu kowa a kanta, sai ya ɗage. Ɗagewa ta zama wata uku, wata uku su zama shekara, wanda ake tuhuma yana tsare a gidan gyaran hali yana jira, dangin mamaci suna sayar da akuya suna biyan kuɗin mota zuwa kotu, har ranar da mai gabatar da ƙara zai tashi ya ce ba shi da sauran shaida.