Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kiwon Dabbobin Gida A Kano



'Yan'uwa masu kiwon karnuka, maguna, dawaki da tsuntsaye, ina jinjina muku kan tausayin dabbobi. Sai dai ina roƙon ku da ku dubi inda dattinsu ke ƙarewa.

Ruwan maganin kaska da ake wa kare ko doki wanka da shi, galibi kwata ake kwarara shi. Kwatocin unguwanni da dama kuwa rafin Jakara suke gangarawa, inda masu lambu ke ban-ruwan latas da alayyafon da muke ci. Magungunan kaska irin su cypermethrin guba ne ga kifi. Don haka a haɗa daidai yadda likitan dabbobi ya ƙayyade, a yi wankan nesa da rijiya da magudana, kuma kada kwalbar maganin ta koma mazubin ruwa.

Kashin doki da na tattabaru taki ne. A ba manoma. Mushe a binne shi, kada a wurga kududdufi. Bayan batun datti, a guji sayen akun da aka kamo daga daji, domin a 2016 yarjejeniyar kare namun daji ta CITES ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Don Allah mu gyara tun daga gidajenmu, lafiyar 'ya'yanmu muke karewa.

Wassalam,
Ɗan'uwanku mai kishin muhalli.