Mu ma muna iya magana ta tauraron ɗan Adam

Yara, akwai wasu mutane da ake kira masu rediyon sha'awa. Ba ma'aikatan gidan rediyo ba ne. Wani manomi ne, wani likita, wani ɗan makaranta kamarku. Kowane yana da akwatin aika magana da karɓa, da izinin hukuma, da lambar kira. Lambar mutanen Nijar da 5U take farawa.

Wasu igiyoyin rediyo miƙe suke tafiya, kamar hasken tocila. Duniya kuwa kamar ƙwallo take. Saboda haka da ƙaramin akwati, mai magana a Tawa ba zai kai Damagaram ba. To, ina dabara? Sai ya aika maganarsa sama. Tauraron ɗan Adam ya karɓa, ya maido ta ƙasa can nesa, kamar yadda sanƙira yake maimaita magana don na bayan taro su ji.

A ganina, ya kamata a koya mana wannan aiki a makarantunmu. Ga dalilina.

Na farko, ba aikin manyan ƙasashe kaɗai ba ne. A 1961, masu rediyon sha'awa na Amurka suka haɗa taurarensu na fari, OSCAR 1, da hannunsu. Nauyinsa bai wuce kilo 5 ba. Wani kuma, OSCAR 7, ya hau sama a 1974. Batirinsa ya lalace a 1981, ya yi shiru. A 2002 sai aka sake jin shi, yana aiki da hasken rana kawai. Rana kuwa, wa ya fi mu?

Na biyu, aikin yana koyar da darussanmu duka. Tauraron da ke kusa da ƙasa yana kewaye duniya cikin kamar awa ɗaya da rabi. Ba ya daɗewa bisa kanmu, minti 10 ko 15 ya wuce. Dole ka yi lissafin lokacinsa. Dole ka san gabas da yamma, kudu da arewa, don ka juya eriya. In wani ya amsa maka daga nesa, sai ka nemi garinsa cikin taswira, ka gaishe shi da Faransanci. In ɗan'uwanka ne na Maradi, ku gaisa da Hausa.

Wani zai ce: "Ai ga salula, mene ne na wahala?" Gaskiya salula tana da amfani. Amma in eriyar kamfani ta tsaya, sai ka riƙe waya kamar dutse. Kuma mai danna salula bai san yadda muryarsa take tafiya ba. Mai rediyo ya sani, don shi ya ɗaura eriyarsa.

Wani kuma zai ce kayan da tsada. Haka ne, amma ba kowane yaro zai saya ba. Akwati ɗaya ya ishi makaranta, a fara da saurare tukuna. Tun 2018 ma akwai wani tauraro, QO-100, wanda yake tsaye wuri ɗaya a sama, nisan kilomita 36.000, yana ganin Afirka duka.

Ƙasarmu babba ce, garuruwanmu da nisa. Tana bukatar ƴaƴanta masu sanin aikin sadarwa, ba masu sayen kaya kaɗai ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku tambayi malaminku, ku kama lissafi da ƙarfi, don nan aikin yake farawa.