Fatar da Ba ta Taɓa Shiga Majema Ba

Duk wanda ya yi shekara biyu ko uku yana amfani da hedifon irin mai rufe kunne ya san wannan matsala. Wata rana zai cire shi ya tarar da baƙin ɓurɓushi a gefen kunnensa, a wuyan rigarsa, ko a bakin farar hularsa. Sauti na fita lafiya lau, batiri na riƙe caji, amma kushin ɗin da ke zama a kan kunne ya fara ɓarewa kamar fentin da aka shafa a bango mai danshi. Wasu kan zargi kansu da sakaci, su nemo mai su shafa. Wasu kuma su jefa na'urar a durowa su sayi sabuwa. A ganina duka biyun asara ce, kuma tushenta guda: mun karɓi kalmar "fata" da aka rubuta a jikin kwali ba tare da mun tambayi wace iri ba ce.

Mafi yawan hedifon da ke kasuwa, har da masu tsada na Sony da Bose, ba fatar dabba ba ce a kushinsu. Yadi ne siriri da aka lulluɓe fuskarsa da wani sinadarin roba mai suna foliyuritan, wanda Bajamushe Otto Bayer da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a 1937. Ana buga masa zane mai kama da ƙofofin gashin fata, sannan a raɗa masa suna mai daɗin ji, irin su "fatar furotin". Yana da laushi, yana da arha, yana kuma toshe iska sosai, abin da masu haɗa sauti suke nema. Aibinsa shi ne ruwa abokin gabarsa ne. Danshi yakan shiga cikinsa a hankali yana tsinka sarƙoƙin sinadaran da suka riƙe shi, zafi kuma yana hanzarta aikin. Shi ya sa ko hedifon da aka ajiye ba a taɓa ba yakan ɓare idan ya daɗe a ɗaki mai zafi da laima. Sony MDR-7506, wanda ma'aikatan rediyo da talabijin ke amfani da shi tun 1991, ya shahara da abu biyu: ingancin sauti da ƙarko, da kuma kushin da ke zubar da ɓawo.

Idan aka fahimci wannan, za a ga dalilin da ya sa mai ba ya magani. Fatar gaske zare-zare ce da suka sarƙe da juna, tana shan mai, man kuma yana hana zaren gogar juna har su karye. Roba ba ta da inda mai zai shiga. Zai tsaya a sama ne ya yi danƙo, ya kama ƙura, wani lokaci ma ya sassauta fuskar ya sa ta saurin saɓulewa. Wanda ya shafa wa irin wannan kushin man kaɗe ko basilin ya yi wa gona ban ruwa ne a kan siminti.

Abin da ake iya yi wa fatar roba shi ne jinkirta ajalinta, kuma hanyar ba ta da wuya. A goge gumi da busasshen ƙyalle mai laushi bayan an daɗe ana sauraro. Sau ɗaya a mako a jiƙa ƙyallen da ruwa zalla, a matse shi sosai, a goge, a bar shi ya sha iska a inuwa kafin a mayar cikin jakarsa. A nisanta shi daga sanitaiza da duk abin da ke da sinadarin alkohol, domin yana cinye fuskar. A nan akwai ɗabi'unmu guda biyu da littafin kamfani ba zai ambata ba. Ta farko, turaren fesawa da ake yi a wuya da bayan kunne, wanda akasarinsa alkohol ne. A bari ya bushe tukuna. Ta biyu, mayar da hedifon nan take bayan alwala, kunne da gefen fuska na jiƙe. Sau huɗu ko biyar a rana, tsawon shekara, ruwa ne mai yawa ga abin da ruwa ke kashewa. Sai kuma mota: barin hedifon a kan kujera a ranar Afrilu ta Kano ko Sakkwato daidai yake da sa shi a tanda.

Fatar gaske kuwa tana nan, amma a na'urori ƙalilan masu tsada. Bang & Olufsen na sa fatar ɗan rago a Beoplay H95, Bowers & Wilkins kuma na sa lallausar fatar nafa a Px8. Hanya mafi sauƙi ta tantancewa ita ce karanta bayanin kamfani da kyau, domin mai fatar gaske ba ya ɓoye sunan dabbar. Idan kushin na cirewa ne, a duba bayansa: yadi a ƙasa alamar roba ce, gashi-gashin nama kuma alamar fata.

Ita wannan ce ke buƙatar mai, amma kaɗan ƙwarai. Hunturu ne lokacin hatsarinta, sa'ad da iska ke bushewa har leɓe ya tsage. Abin da ke samun leɓe shi ke samun fata. Sau biyu ko uku a shekara ya isa. A tsabtace ta da ƙyalle mai ɗan danshi, a bari ta bushe, a ɗiga man gyaran fata kamar ƙwayar dawa a kan ƙyalle, ba a kan kushin ba, a gwada a gefen da ba a gani, sannan a murza a hankali. Man gyaɗa da man shanu ba su dace ba, domin suna yin ɗaci da wari, suna kuma ratsa siririyar fatar su jiƙa soson da ke ciki. Sabulun wanki ma haka. Jemammiyar fata tana da ɗan tsami a yanayinta, sabulu kuwa kishiyar tsami ne kamar kanwa, yana tsotse man da majemi ya bar mata. Da damina matsalar takan juya zuwa fumfuna, maganinta kuwa iska ce da ɗan ƙullin nan mai shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Mai karatu na iya cewa wannan duk batun ado ne. Ba haka ba ne. Kushin wani ɓangare ne na sautin. Shi ke rufe iskar da ke tsakanin lasifika da kunne, kuma da zarar ya tsage ko sosonsa ya kwanta, ƙananan amo masu nauyi sukan zurare, fasahar danne hayaniyar waje ta raunana. Sai mutum ya riƙa ƙara murya don ya cike giɓin, kunnensa ne kuma zai biya kuɗin nan gaba.

Tun da fatar roba dole ta mutu kafin lasifika, tambayar da ta kamata mai saye ya yi ita ce ko ana iya cire kushin, kuma ko ana samun wani. Kamfanoni sun san amsar da ta dace. Apple ya yi wa AirPods Max na 2020 kushin mai maganaɗisu da ake zarewa da yatsa, ko da yake dala 69 yake sayar da sabo, ga na'urar da ta fito a kan dala 549. Beyerdynamic ya daɗe yana sayar da kayan gyaran DT 770 Pro ɗai-ɗai. Kamfanin Fairphone na ƙasar Holan ya fito da Fairbuds XL a 2023, wanda aka ƙera shi domin a kwance a sauya sassansa, har da batiri. Don haka idan wani kamfani ya manne kushinsa da gam, ko ya ƙi sayar da madadinsa, zaɓi ya yi, kuma aljihun mai saye ne ke ɗaukar nauyin zaɓin. Ga wanda ke karɓar albashi da naira yana sayen kaya da farashin dala, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai abin da ke ɗaure mini kai a nan. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda ake jemewa da bagaruwa, ita ce ayari ya riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, suna yi wa littattafansu bango da ita. Siririya ce, mai laushi da ƙarko, irin abin da kushin kunne ke buƙata. Majemar Kano na aiki har yau, dukawa na nan a Ƙofar Wambai. Baduku da ke ɗinka jaka da takalmi ba zai kasa ɗinka zobe biyu a kan soso ba, idan aka ba shi tsohon kushin ya ɗauki awo. Sharaɗin kawai shi ne ya kiyaye kaurin soson da faɗin ramin tsakiya, domin su ke riƙe da sautin, ya kuma zaɓi fatar da rininta ba ya zuba idan gumi ya taɓa ta.